Yaye na Biyu

Ranar da maigidan ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa za mu sa Ummi makaranta, muna zaune ne a tsakar gidansu da ke Bakura, ana gyaran shinkafa. Hajiya ta ajiye faifan da ke hannunta, ta dubi jikar tata da ke ta faman korar kaji, ta ce, "Mi ɗiyag ga ta sani da za a kai ta boko? Taho nan, kishiya." Ummi ta zo da gudu. Hajiya ta kama hannunta na dama ta ɗora mata shi bisa kai, ta ce ta taɓo kunnenta na hagu. Yatsun ko kusa ba su kai ba, tsakar gida ta ɗauki dariya. Ta ce da haka ake gwada yaro a zamaninsu, lokacin da aka buɗe makarantun UPE a 1976 ana bi gida-gida ana rubuta yara. Wanda hannunsa ya taɓo kunne ya isa shiga aji, wanda bai taɓo ba ya koma gindin uwarsa sai baɗi.

Ni dai ban ce uffan ba, don ba a musu da uwar miji a gaban jama'a. Amma a raina na san ba karatu nake nema wa Ummi ba. Shekararta biyu da wata takwas a lokacin, watan Agusta na 2022. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin Talata Mafara, ƙanwata da ke taya ni raino kuma an sa ranar aurenta. Na gwada zuwa da yarinyar wurin aiki na mako biyu, sai da na tsince ta rannan tana wasa da murfin allura a ƙarƙashin benci, sannan na yarda cewa asibiti ba wurin ɗan lafiya ba ne. Abin da nake nema shi ne hannun da zan miƙa ta da safe, in karɓe ta da rana kamar yadda na bayar.

Hajiya ta kawo mafita irin tasu ta manya: a bar mata takwararta a Bakura, mu riƙa zuwa ganinta ranar Juma'a. Sunanta aka mayar wa yarinyar, shi ya sa ma muke ce mata Ummi, kuma babu wanda zai ce kaka ba ta da wannan iko. Maigidan ya ce za mu yi shawara. A hanyarmu ta komawa Mafara ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa ba zan iya ba. Da ya tambayi dalili sai na rasa yadda zan tsara masa, domin dalilin ya samo asali ne tun daga yayen yarinyar.

A gidanmu na Maradun, idan lokacin yaye ya yi, kaka ce ke zuwa ta ɗauki yaro ko kuma a kai mata shi. A can zai sha kunu da rubutu, ya yi kukansa na kwana biyu ko uku a bayan tsohuwa, ya manta da nono, daga baya a dawo da shi da 'yar tsarabarsa. Ni ma haka aka yi mini, kuma Inna ta daɗe da tanadar geron kunun jikarta. Sai yayen Ummi ya faɗo a watan Satumba na 2021, shekarar da duk wanda ya zauna a wannan yanki ba ya buƙatar a tuna masa da ita. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara, su 279 aka sako ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, cikin 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wa zai ɗauki ɗiyarsa ya kai ta wani gari a irin wannan hali, alhali ko muryarta ba zai iya ji ta waya ba?

Don haka a gida na yaye ta. Na shafa maɗaci kamar yadda maƙwabciyata ta koya mini, na bar ta a hannun ƙanwata, ni kuma na koma ɗakin maƙwabciyar na ɓuya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Dare uku ina jin tana kira na har muryarta ta dushe, ƙirjina ya cika yana zogi, ga shi babu layin da zan kira Inna in tambaye ta ko haka ake yi. Yayen ya yi kyau, in ji mutane. Amma watanni bayan haka, ko banɗaki na shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa tana bubbugawa. Tun daga nan na ƙudurta cewa duk inda za ta yini, ya zama wurin da ƙafata za ta kai ni ko da babu waya, babu mai, babu ɗan kabu-kabu.

Makarantu uku muka duba. Ta farko ita maigidan ya fi so, domin a can 'ya'yan abokansa suke. Tana da babban allo a bakin titi, an rubuta Montessori da jan fenti, ga lilo a fili, ga yara cikin yunifom mai ɗaukar ido. Shugaban makarantar ya kira wata yarinya 'yar shekara huɗu ta ƙirga mana ɗaya zuwa hamsin da Turanci ba tare da ta ja numfashi ba, ya kuma shaida mana da alfahari cewa a harabarsu ba a yin Hausa. Maigidan ya dube ni yana murmushi. Ni kuwa idona yana kan ajin ƙanana, inda na ƙirga yara arba'in da uku a kan benci, anti ɗaya a gabansu da 'yar tsumagiya, wani yaro a can ƙurya ya jiƙa wandonsa yana kuka ƙasa-ƙasa ba wanda ya lura. Na tambayi kaina, idan Ummi ta matsu, da wane harshe za ta faɗa? "Fo" kaɗai ta sani.

Sunan da ke kan allon nan na wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, a unguwar talakawa, don 'ya'yan ma'aikata da iyayensu ke fita nema tun safe su bar su suna gararamba. Wato don irin 'ya'yanmu aka fara abin. Kujeru da tebura ta sa aka yi daidai tsayin yara, ta bar su suna aiki da hannunsu, suna sharewa, suna wanke hannu, suna ɗaura maɓalli, malama tana lura daga gefe. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a ɗakin da na leƙa. Manufar ilimi ta ƙasarmu ma, kamar yadda take a rubuce a lokacin, cewa ta yi a wannan mataki a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, kuma kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da 25. Amma mu iyaye mu ne ke zuwa muna neman a ƙirga mana hamsin da Turanci, mai makaranta kuwa abin da kasuwa ke so shi yake kasawa.

Ta biyu rabin aji ce a wata firamaren gwamnati, irin wanda aka riƙa buɗewa bayan dokar UBE ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Kyauta ce, kuma malamar da na tarar ta burge ni, dattijuwa ce mai haƙuri, tana zaune a kan tabarma tare da yaran suna tafa hannu. Sai dai makarantar ba ta da katanga. Hanya ta ratsa ta tsakiyarta, babura na wucewa, awaki na shiga aji, kowa na iya zuwa ta kowace kusurwa. Da a ce shekaru goma baya ne, da ban ko lura ba, domin firamaren da na yi a Maradun ita ma haka take, kuma ba abin da ya taɓa samun mu. Yanzu kuwa idon uwa a Zamfara ya koyi wani irin kallo. Kafin ki dubi allo sai kin dubi ƙofa nawa ce, ina ta fuskanta, kuma daga nan zuwa daji tafiyar minti nawa ce.

Kuma ba daji kaɗai ke ba mu tsoro ba. A farkon shekarar 2022 ne labarin yarinyar nan 'yar shekara biyar ya fito daga Kano, wadda mai makarantarsu da kansa ya sace ya kashe. Duk wata uwa da na sani ta yi kuka a kan wannan yarinya kamar ita ta haife ta. Abin da labarin ya bar mana shi ne katanga ba ta isa ba, sai kin san wanda ke cikin katangar.

Ta ukun ba ta da allo ko kaɗan. Wata malamar firamare ce da ta yi ritaya ta ware ɗakuna biyu a sashen gidanta, layi biyu tsakaninta da gidanmu. Yara goma sha tara na tarar, da ita malamar, da wata budurwa mai takardar NCE, da wata tsohuwa da kowa ke ce wa Goggo, wadda aikinta shi ne tsarki da goyo da rarrashi. Ƙofa ɗaya ce, ta zaure, Goggo kuma a nan take zama da carbinta. Akwai randa da moɗa, akwai bishiyar dogonyaro a tsakar gida, an zuba yashi a gindinta da gwangwanaye da marafan kwalba. Na tambayi malamar ko suna da rajista da gwamnati, ta ɗauko takarda ta nuna mini ba tare da ta ɓata rai ba. Na tambaye ta me za su koya wa Ummi. Ta ce, "A zangon farko? Ta san nan ma gida ne, ta iya faɗin buƙatarta, ta iya cin abinci da hannunta ta bar wa na kusa da ita nasa. In ta samu wannan, baƙaƙe ba su da wuya." Maigidan bai gamsu ba, ya ce wannan ai raino ne za mu biya wa kuɗi. Na ce masa ai rainon nake nema. Mun kwana biyu ba ma dogon zance, daga baya ya ce in gwada zango ɗaya.

Ranar farko ni na yi kuskure, kuma irin kuskuren da na yi a yaye ne. Na shirya mata kwandonta da gorar ruwa da 'yar shinkafa da wake, muka taka zuwa makarantar. Da ta ga yashi da gwangwanaye ta saki hannuna. Na ga dama ta samu, na lallaɓa na fice ta zaure ina sanɗa kamar ɓarauniya. Ban kai ƙarshen layi ba na jiyo ihunta. Da na dawo ɗaukarta na tarar ba ta ci komai ba, idanunta sun kumbura, kuma ta ƙi kallona. A daren ta yi fitsarin kwance, abin da ta bari tun watanni. Washegari tun daga ganin kwandon ta fara kuka, ta riƙe ƙafar gado.

Goggo ce ta tare ni a zaure a rana ta uku. Ta ce, "Ɗiyata, ki daina guduwa. Kin ga in kika ɓace mata, yini za ta yi tana neman ki a bayan kowace ƙofa. Ki durƙusa ki dube ta, ki ce za ki tafi aiki, ki faɗa mata lokacin da za ki dawo, sannan ki tafi ko tana kuka. Kukan wanda aka yi wa sallama daban yake da na wanda aka yasar." Na ce ai ba ta san agogo ba. Ta ce, "Ta san ladan."

Haka na fara. Kullum da safe in durƙusa a zaure in ce, "Ummi, zan tafi aiki. In kika ji ladan ya kira azahar, ina nan bakin ƙofa, in sha Allahu." In kwance ɗankwalin da na kwana da shi in ba ta ta riƙe. Kuka dai ba ta fasa ba. Na roƙi abokiyar aikina muka yi musayar lokacin hutu don in riƙa fita ƙarfe ɗaya, in kai ta gidan maƙwabciyata, in koma in ƙarasa. A kwana na biyar na kusa karaya, na ce wa maigidan ko dai Hajiya ce ke da gaskiya. Abin mamaki, shi da bai so makarantar ba shi ya hana ni. Ɗan manoman shinkafa ne, ya tashi yana dashe a filayen da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa. Ya ce iri in an cire shi aka dasa sai ya yi yaushi na 'yan kwanaki kamar zai mutu, manomin da ya tumɓuke shi don ya duba ko saiwa ta kama shi ne ke kashe shi. A kwana na tara Goggo ta ce mini kukan bai wuce minti biyar ba. A na goma sha biyu Ummi ta karɓi ɗankwalin, ta cusa a kwando, ta shige ba ta waiwayo ba. Na tsaya a zaure ina jiran ta juyo, har Goggo ta yi dariya ta ce, "To, saura ke a yaye."

Abin da ya kwantar mini da hankali gaba ɗaya kuwa rigima ce. Wata rana ƙanen maigidan ya zo daga Bakura cin kasuwar Talata, ya ga bari ya rage mini wahala ya ɗauko 'yarsa. Ummi na ganin sa ta ruga tana kiran "Baffa", amma Goggo ta tare ƙofa ta ce sunansa ba ya cikin waɗanda aka rubuta, ba za ta ba shi yarinya ba sai uwarta ko ubanta sun zo. Ya nuna mata hotuna a wayarsa, ya faɗi asalinsa har kakanni, ta ce duk ta yarda amma ya zauna ya sha ruwa. Na iso na tarar da shi a kan dakali ya cika yana batsewa. Na ba shi haƙuri iya ba da haƙuri, amma Allah ya sani a ranar ji na yi kamar in rungume tsohuwar nan. Labari ya kai Bakura kafin magariba. Na ɗauka Hajiya za ta ce an wulaƙanta mata ɗa, sai ga shi ta aiko wa Goggo da kwanon shinkafa da goro.

Sau ɗaya na saɓa alƙawarin azahar. Wata mata aka kawo mana daga ƙauye tana naƙuda, jini ya ɓalle, ba yadda za a yi in fita. Na kira maigidan, wayarsa ba ta shiga. Ina riƙe da hannun matar ina jin ladan yana kira, kowace kalma tana sauka a ƙirjina. Sai kusan la'asar na samu kaina, na fita da gudu ba ko mayafin kirki. A hanya na tuna iyayen Jangebe da na Kaya, waɗanda su ma da safe suka sallami 'ya'yansu da irin maganar da nake faɗa kullum, ba su san ranar za ta zo musu da wani abu ba. A ƙasarmu "zan dawo in ɗauke ki" magana ce mai nauyi, shi ya sa ba na faɗin ta sai na haɗa da in sha Allahu.

Na tarar an tashi tuntuni, zaure a rufe. Na buga, malamar ta buɗe. Ummi na bayan Goggo a goye tana barci, ɗankwalina a dunƙule a hannunta, an ba ta tuwon gidan ta ci. Da ta farka ta dube ni ta ce, "Ladan ya yi, ba ki zo ba." Na ce mata gaskiya ne, wata mama ce ba ta da lafiya na tsaya taimakonta, ta yi haƙuri. Ta yi shiru tana nazarina, sannan ta ce Goggo ta ce ina zuwa. Washegari na zo da fargabar za mu koma gidan jiya, amma ta shige abinta kamar kullum.

Ba zan ce zaɓina ya fi na kowa ba. 'Ya'yan abokan maigidan sun riga Ummi iya gaisuwa da Turanci, kuma akwai ranakun da hakan ke sosa masa rai, ni ma wani lokaci nakan tambayi kaina. Na kuma san cewa ina cikin masu sa'a da har nake da makarantu uku da zan zaɓa. Matan da ke zuwa mana asibiti daga ƙauyukan da aka tasa, wasunsu a kangon gini suke kwana da 'ya'yansu, zancen rabin aji ko a mafarki bai zo musu ba. Abin da zan iya faɗa wa uwar da ke shirin wannan yaye na biyu kaɗan ne. Ki je makarantar ba tare da kin sanar ba, ki wuce ofis ki leƙa ɗakin ƙanana. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya, ki duba wa ke yi musu tsarki da kuma yadda fuskarta take idan tana yi. Ki tambayi wa ake ba yaro idan an tashi. Ki auna nisan da ƙafarki. Ranar da za ki kai shi kuma, kada ki ɓuya.

Da hutun ƙarshen zango muka je Maradun, karon farko da Inna ta samu jikarta ta kwana a ɗakinta. Da za mu fita gaishe-gaishe ni da maigidan, na durƙusa na ce wa Ummi za mu dawo kafin magariba. Ta ce to, ta ci gaba da cin hocen da Inna ta ba ta. Inna ta dube ni ta ce yaushe aka fara yi wa yara sallama kamar manya. Na ce mata wata tsohuwa ce ta koya mini a Mafara.